Abin da Tsada Ke Saye: Tarihin Jitar Lantarki a Hanyar Ƙonni

A Tsarnawa, gabas kaɗan da Birnin Ƙonni, babbar hanyar da ta taso daga Yamai takan rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe ta Malbaza da Galmi zuwa Maradi da Damagaram, ɗayan ya yi arewa ta Badagishiri cikin ƙasar Illela, ya shiga Tawa, ya wuce Abalak har Agadas. Kudu da Ƙonni kuma, tafiyar 'yan mintuna, ga ɗaya Illelar ta Najeriya, ƙofar Sakkwato. Kiɗan jita daga arewa ya gangaro ta wannan hanya, kayan aikinsa da yawa kuwa, irin su lasifika da waya da batir da janareto, daga kasuwannin kudu suke hawa. Ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela ba ta yi suna da jita ba. Ƙasar kalangu ce da gurmi da goge, a wannan zamani kuma ta piyanon 'yan sutudiyo. Duk da haka, saurayin da ya tashi a nan yana jin Bombino da Mdou Moctar a wayarsa, ya je cin rani ya tara 'yan kuɗi, zai tarar da tambayar da ke gaban takwarorinsa na ko'ina: ya sayi jita ta tsaka-tsaki, irin su Squier da Epiphone da Yamaha Pacifica, ko ya daure ya ƙara tari har ya kai ga Fender ko Gibson ƙirar Amurka? Ra'ayina shi ne ta tsaka-tsaki ta ishe shi, kuma tarihin wannan kiɗa a ƙasarmu da tarihin masana'antun da ke ƙera jitar duk bakinsu ɗaya a kan haka.

Kafin zuwan jita, makaɗin Hausa bai san sayen abin kiɗa a kanti ba. Mai gurmi da kansa yake neman duma da fata da sanda, ko ya je wurin wanda ya iya haɗawa a unguwa. Mai goge ya nemi ƙwarya da fatar guza da gashin wutsiyar doki. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigi, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yi wa jiki da gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya. Malam Maman Barka, da ya rasu a 2018, da gurmi ya yi suna a Nijar da ƙetare. Hatta gasar kiɗan zamani ta ƙasa da aka fara a Tawa a ƙarshen shekarun 1980, sunan Ɗan Gurmu aka sa mata, makaɗin gargajiya na wannan yanki. A wannan al'ada ba a tambayar nawa aka sayi abin kiɗa, hannun makaɗi da muryarsa ake aunawa.

Jitar da ta kafu a Nijar ta shigo ne ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta ƙungiyoyin kiɗan birni a Yamai bayan samun 'yanci, zuriyar da Elhadj Taya ya fito daga cikinta, wanda cibiyar koyar da kiɗa ta babban birnin ke ɗauke da sunansa, kuma Tal National suka gada a wannan zamani. Ta biyu, wadda duniya ta fi sani, ƙofar wahala ce. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun karkashe dabbobin Buzaye, samari suka watsu Aljeriya da Libiya neman aiki, aka riƙa kiransu ishumar, marasa aikin yi. A cikinsu ne Tinariwen ta samo asali a ƙarshen shekarun 1970. Jagoranta Ibrahim Ag Alhabib, tun yana yaro, ya haɗa jitarsa ta farko da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal su ne muryar tawayen da ya fara a 1990 ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Waƙoƙinsu a kaset suka yaɗu, ana ɗauka da rikoda mai batir, ana kwafa daga kaset zuwa kaset har sauti ya dusashe, ana ɓoyewa saboda hukuma. Salon da a yau ake cika zaure a Faransa da Amurka don saurarensa, a kan jitocin da hannu ya kai gare su aka ƙirƙiro shi, waɗansu ma karɓa-karɓa ake yi a kan guda ɗaya.

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da mu, domin ɗan jihar Tawa ne, daga yankin Abalak da Cintabaraden, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Shi ma da katako da wayar birkin keke ya fara. Abin lura a wannan faifai shi ne an yi shi da salon sutudiyon waƙoƙin Hausa na lokacin, da ganga ta na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa. A lokacin ba a fitar da shi a kanti ba. Ta bulutut da katin waya ya bazu daga hannu zuwa hannu, har wani Ba'amurke mai tattara kiɗa, Christopher Kirkley, ya tsince shi ya sa waƙa ɗaya a tarin Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. A wannan yankin ne kuma Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta kiɗa a kan jitar ɗan'uwanta a ƙauyen Illighadad, daga baya ƙungiyarta Les Filles de Illighadad ta fitar da faifai a 2016. Duk wanda ya ji waɗannan waƙoƙi a farkonsu, ta 'yar lasifikar wayar hannu ya ji su, ko ta lasifikar biki da aka buɗe har ƙarshe tana karkarwa. Ta irin wannan hanya, ɗan bambancin sautin da ke tsakanin jitar dala ɗari uku da ta dala dubu biyu ba ya isa kunne. Abin da ke isa shi ne saurin yatsu, da yadda makaɗi ke riƙe tsirkiyar ƙasa tana gurnani yayin da ta sama ke zance.

Wani zai ce wannan tarihin talauci ne kawai, kuma gaskiya ne rabinsa haka yake. Sai dai tarihin masana'anta ya nuna cewa jitar lantarki tun asali an tsara ta ne don ta yi araha. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Jitar da ya fitar a 1950, wadda daga baya aka kira Telecaster, da Stratocaster ta 1954, allon katako ne da aka yanke da inji, aka ɗaura masa wuya da kusoshi huɗu, ta yadda in wuyan ya lalace a kwance a sa wani. Masu ƙera jita da hannu a lokacin sun raina ta. Stratocaster ta farko dala 249.50 aka sa mata. Gibson, da ta fitar da Les Paul a 1952, ta riƙe tsohuwar hanya ta manna wuya da sassaƙa fuska, amma ita ma a 1957 ta sayi Epiphone, sunan da daga baya ya zama na jitocinta masu sauƙin kuɗi. A 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender, makaɗa suka yi ta kukan cewa inganci ya faɗi, a daidai lokacin da masana'antun Japan ke kwaikwayon tsofaffin ƙirar suna ƙara gwanancewa. A 1977 masu Gibson suka kai ƙarar dillalan Ibanez a Amurka saboda kwaikwayo. Fender ta ga shari'a ba za ta tsayar da ambaliyar ba, sai a 1982 ta haɗa kai da Japanawa ta fito da Squier, wato ta shiga kwaikwayon kanta da kanta. Da CBS ta sayar da kamfanin a 1985 ba tare da masana'antar Fullerton ba, an yi wani ɗan lokaci da mafi yawan sababbin Fender a kasuwa ƙirar Japan ne. A 1987 suka buɗe masana'anta a Ensenada ta Meziko, a shekarar kuma suka kafa sashen ƙira ta musamman mai tsadar gaske. Daga nan aiki ya bazu Koriya da Indonesiya da Sin.

Abin da ya rufe tazarar shi ne injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, wanda Peavey ta fara amfani da irinsa wajen ƙera jita a ƙarshen shekarun 1970. Da zarar an ba inji awo, wuyan da ya yanka a Indonesiya da wanda ya yanka a Amurka awonsu ɗaya. To me ƙarin kuɗin ke saye? Yana sayen albashin ma'aikacin Amurka, wanda ya ninka na Asiya sau da yawa. Yana sayen zaɓaɓɓen katako, da ƙarafa masu ɗan nauyi, da lokacin da gwani ya ɓata yana goge ƙarafan wuya ɗaya bayan ɗaya, da akwati mai ƙarfi, da suna. Waɗannan ba ƙarya ba ne, kuma wanda ya riƙa jita mai tsada zai ji santsinta a hannu. Amma sautin jitar lantarki ba daga ramin katako yake fitowa ba kamar na gurmi. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. In tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa sai ta haifar da 'yar wuta, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Masana suna ta gardama a kan ko irin katakon yana da tasiri, amma ba mai musun cewa amfilifaya da lasifika sun fi shi tasiri nesa ba kusa ba. Wannan maɗaukin sauti kuwa ana iya cire shi a sa wanda ya fi shi da kuɗi kaɗan. Eddie Van Halen da tarkacen sassa masu araha ya haɗa jitar da ta yi masa suna, Brian May na Queen kuma da shi da mahaifinsa suka ƙera tasa a gida da tsohon katakon murhu.

Sai kuma yanayin ƙasarmu, wanda masu rubuta tallan jita ba su san da shi ba. Katako yana shan laima yana fitarwa. Da hunturu iska takan bushe ƙarau, katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafan da aka dasa a cikinsa su fito suna yankar yatsa. Da damina ya kumbura, wuya ya ɗan lanƙwashe. Zafin Afrilu da Mayu a Ƙonni yakan haura digiri 40. Ƙura tana shiga maɓallan ƙara da rage sauti har su riƙa ƙarar tsatsa, gumi kuma yana cin tsirkiya. Wannan duka ba ya duba farashi. Abin mamaki ma, siririn fentin gargajiya da ake yi wa jitoci masu tsada ya fi saurin tsagewa in zafi da sanyi suna sauyawa, fiye da kaurin fentin roba na masu araha. Ga kuma yadda ake aikin: a ɗaura kaya a bayan babur ko saman mota zuwa biki a ƙauye, a shimfiɗa tabarma a fili, a ja waya daga janareto mai hawa da sauka. Kowa a Nijar ya tuna yadda Najeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Makaɗin da ya zuba dukiyarsa duka a jita, ya rasa na amfilifaya mai kyau da na'urar daidaita wuta, ya sayi doki ne bai bar kuɗin sirdi da harawa ba.

Lissafin kuɗi a bakin iyaka ma daban yake. Jita da dala ko yuro ake sayenta a asali, mai saye kuwa da sefa ko naira yake samu. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk kayan waje suka ninka kuɗi a dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa a 2023 saboda takunkumin ECOWAS, naira kuma ta yi faɗuwar da 'yan canjin Ƙonni suka fi kowa sanin zurfinta. Cikin farashin jita mai tsada akwai alkawarin gyara da musanya in an sami aibi, alkawarin da ke aiki ga wanda ke kusa da dillalin kamfani a Paris ko Landan. Wanda aka aiko wa jitar ta hannun ɗan'uwa daga Abijan ko Tarabulus ya biya kuɗin wannan alkawari, amma ba inda zai kai kuka. Masu cewa jita mai tsada ajiya ce suna kawo misalin baƙar Stratocaster ta David Gilmour da aka sayar kusan dala miliyan 4 a gwanjon Christie's a 2019. Wannan sunan mai ita aka saya. A ƙasar da ajiyar manomi buhunan albasar Galmi ce da tumaki, waɗanda ana iya sayar da su kowace ranar kasuwa, jitar dala dubu biyu tana iya shekara a rataye ba a sami mai tayawa ba, in an samu ma da farashin ta tsaka-tsaki zai taya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ita ce wadda Hausawa suka taƙaita da cewa araha ba ta ado, kuma ban ga dalilin musanta ta ba. Akwai jitocin da ba su cancanci sunan ba: wuya a karkace, kunnuwan ɗaure tsirkiya ba sa riƙewa, in an daidaita sauti a ƙasan wuya sai ya ɓaci a sama. Irin wannan tana kashe zuciyar mai koyo, yana zaton hannunsa ne bai iya ba. Amma maganar a nan tsakanin ta tsaka-tsaki ce da mai tsada, kuma tazarar da ke tsakanin ta banza da ta tsaka-tsaki ta fi wadda ke tsakanin ta tsaka-tsaki da ta ƙoli faɗi sosai. Kuɗin farko da aka ƙara yana sayen jitar da ke riƙe sauti. Na baya yana sayen ƙarin santsi da suna. Kwaɗayin babban suna ma shi ke jefa mutum hannun 'yan jabu, domin ba wanda ke wahalar kwaikwayon tambarin jita mai sauƙin kuɗi kamar yadda ake kwaikwayon na manya. A watan Nuwamba 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jabun Gibson fiye da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles. In har ana yunƙurin shigar da su ƙasar da ake ƙera na ainihi, sai a ƙiyasta abin da ke yawo a kasuwannin da ba mai duba lambar masana'anta. Squier ta gaskiya ta fi Fender ta ƙarya, ko da tambarin ta biyun ya fi ɗaukar ido a wurin biki.

Akwai kuma masu cewa ai su kansu taurarin da ake kafa hujja da su, da suka sami hali manyan jitoci suka koma riƙewa. Haka ne. Mdou Moctar da farar Fender Stratocaster ta 'yan hagu aka san shi a dandalin duniya, Tinariwen sun ci kyautar Grammy a 2012, Bombino ya ɗauki faifan Nomad na 2013 a Nashville tare da Dan Auerbach, faifansa Deran na 2018 kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar Grammy. Ba daidai ba ne a yi wa rashi kirari, a ce wa makaɗin Afirka ya zauna da wayar birki don Turawa sun fi son labarin a haka. Wanda ke hawa dandali dare bayan dare a ƙasashe daban-daban, yana shiga sutudiyon da makirfonsa ke kama numfashi, yana da dalilin sayen abin da ya fi kowane inganci, kuma aikinsa zai biya. Abin dubawa dai shi ne wanne ya riga wanne. Dukansu sun gama gina salonsu, sun sami masu sauraro daga Agadas har Sakkwato, kafin jita mai tsada ta zo hannunsu. Kiɗan ne ya jawo ta.

Saura batun kwarjini, wanda ba a cika faɗa a fili ba amma yana da nauyi a harkar biki. Mai ɗaukar makaɗa yana kallon kaya, kuma ƙungiyar da ta sauke manyan akwatuna takan fi samun daraja wajen ciniki. Sai dai abin da idon jama'a ke gani a fili shi ne girman lasifika da yawan fitilu, abin da kunnensu ke hukuntawa kuma shi ne ko sauti ya kai ƙarshen taro ba tare da kuka ba. Mutum nawa ne a taron biki a Malbaza za su bambance ƙirar Meziko da ƙirar Amurka a bayan kan jita? Abokin hamayyar mai jita a wannan ƙasa ma ba wani mai jita ba ne. Mai piyano ne, wanda shi kaɗai da na'ura ɗaya yake fitar da ganga da algaita da kalangu, a biya mutum ɗaya maimakon huɗu. Ƙungiyar jita tana buƙatar ta biyu mai riƙe kiɗa, da babbar jita mai gurnani, da ganguna, da makirfo. Kuɗin Fender ɗaya ƙirar Amurka yana iya ɗaukar nauyin kaso mai yawa na wannan duka.

Abin da ya fi ƙaranci a hanyar Ƙonni zuwa Tawa shi ne tsirkiya mai kyau da mai gyara. Jitar tsaka-tsaki takan fito daga masana'anta ba a gama daidaita ta ba, kuma yawancin abin da ake yaba wa mai tsada a hannu aikin awa biyu ne na wanda ya san yadda ake murɗa ƙarfen da ke cikin wuya, a sauke tsirkiya kusa da allo, a goge bakin ƙarafa, a gyara tsawon kowace tsirkiya a gadarta. Wayoyin cikinta ba su kai na ƙaramar rediyo rikitarwa ba, don haka duk mai gyaran rediyo ko waya da ke riƙe da dalma a kasuwar Ƙonni zai iya canja maɓalli ko maɗaukin sauti in an nuna masa sau ɗaya. Ɓangaren katakon ne ke son koyo, kuma a ƙasar da hunturu da damina ke juya wuyan jita sau biyu a shekara, mai wannan sana'a ba zai rasa masu dawowa ba.